Gonar da aka bari gida: abin da sassaben zamani ya maido wa ƙasa, da abin da ya fi ƙarfinsa

Shekaru 40 da suka wuce, iska ce ke kwashe ƙasar gonakin Maradi da Damagaram. Yau masana na ƙiyasta cewa itatuwa kusan miliyan 200 sun sake tsayawa a gonakin kudancin Nijar, kuma mafi yawansu ba dasa su aka yi ba. Sai dai gonakin na ƙara tsukewa, masu ƙarfin aikinsu kuma da yawa suna Yamai, Kano, Agadas ko Libiya.

MARADI – Duk wanda ya hau mota daga Maradi ya nufi Damagaram a watan Afrilu, zai bi ta Cadawa da Agye da Gazawa da Tasawa, kuma ko'ina ya duba zai ga manoma duƙe suna sassabe. Idan ya lura da kyau, zai ga ba kowane saran ne na kashewa ba. Manomi kan tsaya gaban kututturen sabara ko kalgo da ya yi toho, ya duba rassan, ya zaɓi biyu ko uku da suka fi ƙarfi da miƙewa, ya sare sauran. Waɗanda ya bari sai ya share musu ƙananan rassa har wajen rabin tsawonsu. Wani ma har ƙyalle yake ɗaurawa, don mai wucewa da gatari ya san iccen nan da mai shi.

Wannan shi ne sassaben zamani, abin da ma'aikatan gona ke kira RNA a takardunsu. Ba ya buƙatar iri, ko ban ruwa, ko shinge. Adda mai kaifi da haƙuri kawai yake so.

A Takeita, idan motar ta karkata kudu zuwa Kance da Matamai, abin ya fi fitowa fili. Gawo ne jere a cikin gonaki iya ganin ido, kore shar a tsakiyar bazara, lokacin da kusan komai ya bushe. Dattawan yankin da suka ga farkon shekarun 1980 sun san lokacin da mutum zai tsaya a bakin gari ya hango garin da ke gaba, ba abin da ya tare masa gani.

Yadda ƙasar ta gaji

Mafi yawan gonakin hatsi a kudancin Nijar jigawa ce. Tana da sauƙin noma, amma ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe taki. Kakanni sun san haka, shi ya sa suke da hanyoyi biyu na maido mata da ƙarfi. Ta farko ita ce hutu: a noma gona ƴan shekaru, a bar ta ta zama saura, ciyawa da itatuwa su rufe ta, a koma wani wuri. Ta biyu ita ce dabbobi: bayan girbi makiyayi ya sauka a gona da garkensa, shanu su ci kara su bar kashi, mai gona ya sallame shi da damman hatsi.

Yawan jama'a ne ya fara cinye hutun. Lokacin samun ƴancin kai a 1960, ƴan Nijar ba su wuce miliyan 3 da ɗoriya ba. Ƙidayar 2012 ta samu mutum miliyan 17.1, jihar Maradi na da miliyan 3.4, ta Damagaram miliyan 3.5. Dajin da ake barin gona ta huta a cikinsa ya zama gona shi ma.

Zamanin gyaɗa ya ƙara wa abin nauyi. A shekarun 1950 da 1960, malaman gona na koyar da cewa manomin kirki shi ne wanda gonarsa take fes, ba kututture, ba icce, don garmar shanu ta wuce ba cikas. Aka yi ta tumɓuke saiwoyi ana ƙonawa. Da farin shekarun 1970 ya zo, sannan na 1984, ƙasa ta riga ta zama tsirara. Iskar da ke zuwa gaban hadarin farko sai ta ɗebo yashi ta yanke hatsin da ya tsiro, ko ta binne shi. Manomi kan yi shuka sau uku ko huɗu a damana guda, kuma kowace maimaici na cin irin da ya kamata a ci a gida, tana kuma rage kwanakin da amfanin zai samu ya nuna.

An yi ƙoƙarin dashe. An kafa wuraren renon itatuwa, an kashe kuɗi masu yawa, an mai da 3 ga Agusta ranar dashen icce. Wasu ayyukan sun yi nasara, kamar jerin dogon yaro da aka soma dasawa a kwarin Majiya a 1975 don kare iska. Amma a yawancin wurare, abin da aka dasa a damana, kafin wata damanar awaki da gara da rana sun gama da shi.

Dajin da ke ƙarƙashin ƙasa

A 1983, wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda ya zo Maradi a 1981 tare da ƙungiyar SIM, yana kan hanyar kai ƴan itatuwan dashe ƙauye, ya tsaya rage iskar tayoyin motarsa don ya ratsa yashi. Nan ya lura da wani ɗan tsiro a gefen hanya. Da ya duba ganyen, sai ya gane toho ne na iccen da aka sare, wanda saiwarsa ke nan da rai. Irin waɗannan kututtura na nan birjik a gonaki, kowace shekara suna tohowa, kowace shekara ana sassabe su. Saiwar da ta riga ta yi nisa cikin ƙasa ta fi kowane dashe saurin girma, don ba sai ta nemi ruwa daga farko ba.

Manoma kaɗan ne suka yarda su gwada a shekarar farko, kuma sun sha dariya. Sai yunwar 1984 ta zo, wadda mutanen Maradi ke kira El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Shirin ya raba cimaka a ƙauyuka kusan 100 da sharaɗin kowa ya bar toho a gonarsa. An raya itatuwa kusan 500,000. Da rabon abincin ya ƙare, kusan kashi biyu cikin uku aka sare.

Kashi ɗayan da ya rage ne ya yi aikin. Waɗanda suka bar nasu sun ga hatsi bai ragu ba, ga iccen girki a kusa, ga abin ba dabbobi. Maƙwabta suka gani, kuma gani ya kori ji. Daga nan abin ya bi kasuwa da biki da ƴan ci-rani, daga gari zuwa gari.

A ɓangaren Damagaram kuwa, labarin bai jira wani baƙo ba. Binciken da masanin Nijar Mahamane Larwanou da abokan aikinsa suka yi a 2006 ya nuna cewa a Magarya da Matamai da Mirya manoma da kansu suka koma kare ƴaƴan gawon da ke tsirowa a gonakinsu tun tsakiyar shekarun 1980, a fili mai kusan hekta miliyan 1. Abin ba baƙo ba ne a ƙasar: tarihin baka ya riƙe cewa Sarkin Damagaram Tanimun, a ƙarni na 19, ya sanya hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo.

Sai a shekarun 2000 ne duniya ta farga. Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka da Chris Reij ɗan ƙasar Holan suka gwada tsofaffin hotunan jirgin sama da sababbin hotunan tauraron ɗan Adam. Ƙiyasin da aka wallafa a 2009 ya ce fili kusan hekta miliyan 5 ya farfaɗo, kuma hakan na ƙara tan 500,000 na cimaka a shekara, abin da zai ciyar da mutum miliyan 2 da rabi. A 2018 Rinaudo ya samu lambar yabo ta Right Livelihood, a shekara ɗaya da manomin Burkina Faso Yacouba Sawadogo.

Iccen na wane ne?

Abin da ya fi ɗaure kai a labarin shi ne, manoma sun san kututture na toho tun kafin 1983. Abin da ya hana su barinsa ya girma shi ne doka. Tun dokar Turawan mulkin mallaka ta 1935, har zuwa dokar gandun daji ta 1974, itatuwa masu daraja irin su gawo na ƙarƙashin ikon gwamnati, ko da a tsakiyar gonar mutum suke. Manomi na iya shan tara don ya sare reshen iccen da ya tsiro a gonar ubansa. Saboda haka dabara ita ce a cire shi tun yana ƙarami, kafin ya jawo ma'aikacin gandun daji.

Abubuwa sun soma sauyawa bayan babban taron yaƙi da hamada da aka yi a Maradi a watan Mayun 1984, zamanin Seyni Kountché. A yankin da shirin ke aiki, an samu fahimta da ma'aikatan gandun daji cewa wanda ya rena icce zai iya morarsa. Dokar tsarin karkara ta 1993 da dokar gandun daji ta 2004 sun ƙara ƙarfafa haƙƙin manomi, sannan a ranar 30 ga Yulin 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman a kan sassaben zamani. Ko'ina aka duba, darasin ɗaya ne: ranar da manomi ya tabbata iccen nasa ne, ranar ya daina kashe shi.

Doka ita kaɗai ba ta hana ɓarawon dare ba. A Ɗan Saga da ke gundumar Agye, mutanen gari sun kafa kwamitin sa ido da ya haɗa maza da mata da makiyaya, da ƙa'idoji da tara ga wanda aka kama yana saran iccen wani. Garin ya zama wurin da manoma daga wasu jihohi, har da wasu ƙasashe, ke zuwa ganin yadda ake yi.

Abin da icce ke yi wa ƙasa

Gawo ya bambanta da sauran itatuwa. Yana zubar da ganyensa a farkon damana, ya sake fitar da shi bayan ruwa ya ɗauke. Ke nan lokacin da hatsi ke son rana, ba ya yi masa inuwa, ganyen da ya zubar kuma na ruɓewa daidai lokacin da shuka ke neman abinci. Dangin wake ne, saiwarsa na tara sinadarin naitirojin, wanda shi ne ake saye a buhun takin yuriya. Da rani dabbobi na taruwa a inuwarsa don cin ƴaƴansa, su bar kashi da fitsari a wurin. Shi ya sa hatsin gindin gawo kan fi na fili tsawo da kauri, kuma a gwaje-gwaje da dama amfanin kan kai ninki. Irin gawon ma ta cikin dabba yake bi kafin ya tsiro da kyau, don haka gonar da dabbobi ba sa shiga ba kasafai take samun sabon gawo ba.

Sabara da kalgo ba su da kwarjinin gawo, amma su ne suka fi yawa. Suna tare yashi da ƙurar hunturu da ganyen da iska ke ɗauke da shi, har gindinsu ya zama ɗan tudu mai baƙar ƙasa. Binciken da aka yi a Senegal ya nuna cewa saiwar sabara na jawo ruwa daga can ƙasa da dare, ta sake shi a saman ƙasa, inda saiwar hatsin da ke kusa ke samunsa. A makon da ruwa ya yi tsaiko, wannan ɗan danshin na iya raba shukar da za ta rayu da wadda za ta ƙone.

Ga kuma abin da ke shiga aljihu: iccen girki da na rufin ɗaki, ƴaƴan magarya da aduwa, ganyen kuka, kaba don tabarma da igiya. A ƙarancin cimakar 2005, wanda ya fi tsanani a jihar Maradi, masu bincike sun lura cewa gidajen da ke da itatuwa a gona sun samu abin sayarwa su sayi tiyar hatsi, ba tare da sun rabu da dabbobinsu ko gonarsu ba.

Tawa: inda babu ko kututture

A jihar Tawa matsalar wata iri ce. A kan tuddan Adar akwai fako, ƙasa mai tauri da ruwa ke gudu a kanta bai shiga ba. Nan sai an haƙa. A 1989, wani shiri da asusun FIDA ke tallafawa ya kai wasu manoman Ilela yankin Yatenga na Burkina Faso, inda suka ga ramukan da ake kira zai. Suka dawo suka inganta tassa tasu ta gargajiya: rami mai faɗin taƙi ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a tara ƙasar da aka fitar ta ɓangaren gangara, a zuba taki cikin tafin hannu ɗaya ko biyu. Gara ta bi takin ta huda ƙasa, ruwa ya samu hanyar shiga. Damanar 1990 ba ta yi kyau ba, kuma a wurare da dama gonakin tassa ne kawai suka ba da wani abu.

Aikin na da wuya, don hekta guda kan ci awoyi kusan 300 na haƙa, a cikin zafin bazara. Duk da haka, cikin ƴan shekaru fakon da ba mai kallonsa ya zama abin saye da sayarwa a Ilela. Wanda ke da kuɗin ɗaukar ƴan ƙwadago ya saya ya gyara. Wanda ba shi da shi ya sayar, daga baya ya koma yi wa mai sayen aiki.

Inda icce ya tsaya

Sassaben zamani bai warware komai ba. Masu bincike na cibiyar INRAN da ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, sun daɗe da nuna cewa babban abin da jigawar Nijar ta rasa shi ne sinadarin fosfat. Icce na iya jawo wanda ke can ƙasa ya maido shi sama, amma ba ya ƙirƙirar sabo. Kowane damin da aka kai rumbu, kowace amalanken kara ko harawa da aka kai kasuwar birni, da ɗan abin da ya rage take tafiya. A da kara kan kwana a gona ya rufe ƙasa. Yanzu kuɗi ne, ana kwashe shi kafin ma a saki gonaki ga dabbobi, abin da ya rage takin da gona ke samu, ya kuma ƙara tsamin dangantaka tsakanin manomi da makiyayi.

Takin zamani kuwa ya fi ƙarfin mafi yawan manoma. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2006 cewa za a kai kilo 50 a kowace hekta, amma Nijar na cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin amfani da shi a duniya. Tsadar da ta biyo bayan yaƙin Yukiren a 2022, da takunkumin CEDEAO na 2023, sun ƙara nisanta buhun da talaka. Dabarar da ICRISAT ta fitar ita ce ɗan ƙanƙanin taki a ramin shuka: giram 6 na NPK, wato kamar cikin marfin kwalbar lemo, ko giram 2 na DAP. A gona mai ramuka 10,000 a hekta, wannan kilo 60 ne na NPK ko kilo 20 na DAP. Cibiyar ta ba da rahoton ƙarin amfani daga kashi 44 zuwa 120 cikin 100. Masanan na gargaɗin cewa dabarar ta fi aiki, ta fi kuma ɗorewa, a gonar da ke samun takin gargajiya da ganye.

Babbar matsalar ita ce girman gonar kanta. Gandun da kaka ya noma shi kaɗai, yau an raba shi tsakanin jikoki goma ko fiye. Binciken da Marthe Diarra da Marie Monimart suka yi a kudancin Maradi ya nuna cewa idan ƙasa ta yi ƙaranci, gamanar mata da ta samari ce ake fara janyewa. Gundumar Kance, wadda ke cikin wuraren da gawo ya fi yawa a ƙasar, ita ce kuma ta yi suna wajen tafiyar mata da yara zuwa Aljeriya. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara daga wannan yanki. Gawo na iya ninka amfanin rabin hekta, amma rabin hektar ba za ta ciyar da mutum goma shekara guda ba.

Gonar wanda ba ya nan

Nan ne maganar ta shafi ɗan birni da ɗan bida kai tsaye. Da yawa cikin masu tuƙa babur a Yamai, masu talla a Kano da Legas, da masu aikin gini a Sabha ko Tamanrasat, suna da rabon gado a ƙauye. Wasu sun ba da aro, wasu haya, wasu sun jinginar don kuɗin mota.

A al'adar ƙasar Hausa, wanda aka ara wa gona ba ya dasa icce a cikinta, don dashe alama ce ta mallaka. Wanda kuma bai san ko baɗi zai sake noma wurin ba, ba shi da dalilin kai amalanken taki, ko renon gawon da sai bayan shekaru zai fara biya. Abin da zai yi shi ne ya sassabe komai, ya noma, ya kwashe har kara. Tsohuwar matsalar dokar 1974 ce ta dawo ta cikin gida: mai aikin bai da tabbacin cin moriyar abin da ya rena. Bayan damana biyar ko shida mai gona ya dawo ya tarar da ƙuduji da farin yashi. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Akwai hanyar kauce wa haka, kuma dokar 1993 ta tanade ta. Kwamitocin kula da filaye da ake kira Cofo, waɗanda ke matakin gunduma da ƙaramar hukuma da ƙauye, suna ba da takardar shaidar aro, haya, jingina, kyauta ko saye. Ana iya rubuta shekarun da aron zai ɗauka, da wanda ke da rassan da aka share da ƴaƴan itatuwa, da sharaɗin kada a tumɓuke kututture. Takardar na kare mai gona daga wanda zai ce ƙasar ta zama tasa, tana kuma ba mai noman natsuwar da zai yi aiki kamar a gonarsa.

Lokacin aiko da kuɗi ma na da tasiri. Yawancin saƙon ƴan bida na isa gida ne da salla, ko biki, ko a watan Yuli da Agusta idan rumbu ya ƙare. Aikin gyaran ƙasa kuwa tsakanin Fabrairu da Mayu ake yinsa. A lokacin ne ake jidar taki, ake haƙa tassa da rabin wata, ake shawo kan makiyayi ya kwana da garkensa a gona, ake kuma barin kara a ƙasa maimakon a sayar. Gidan da ya samu ɗan abin cefane a waɗannan watanni ba ya buƙatar sare gawonsa ya kai wa mai gidan burodi ko mai tuwo-tuwo a birni.

Nan da ƴan makonni hadarin farko zai taso daga gabas, da iskarsa a gaba. Kafin nan, a dubban gonaki tsakanin Gidan Rumji da Magarya, wani ƙane ko ɗan baffa ko maƙwabci zai tsaya da adda gaban tohon sabara a gonar da mai ita ke nesa. Ko zai bar rassa uku ko zai share duka, sau da yawa ya danganta ne da abin da aka gaya masa a waya.